Rigar da Tabawa Ta Ƙi Ɗinkawa

A garin Kwarin Tsamiya an yi wani saurayi ana ce masa Lurwanu, ɗan Malam Isiyaku mai gyaran keke. Ya yi karatun Turanci a ƙaramar kwalejin da ke bayan gari, irin wadda 'ya'yan talakawa ke zuwa da safe su dawo gida da la'asar, ya kuma fito da takarda mai kyau. Ranar da aka yi masa walima, murna ta ɗebi ubansa, ya miƙe cikin jama'a ya ce, "Yaron nan Turanci zalla ya karanta!" Sai wani dattijo ya tafa hannu ya ce, "Ashe mun yi lauya a unguwa!" Domin a sanin mutanen unguwar, babu inda ake zuba Turanci zalla sai gaban alƙalin babbar kotu.

Lurwanu ya buɗe baki zai gyara zancen. Da ya dubi fuskar ubansa ya ga hasken da bai taɓa gani a kanta ba, sai ya haɗiye maganarsa. Tun daga ranar sunan yanka ya ɓata, kowa sai Lauya. Aiki kuwa bai samu ba, bai ma san ta inda ake fara nema ba. Sunan nan shi kaɗai ya rage masa, ya riƙe shi kam, yana jin kunyarsa, yana kuma jin daɗinsa.

Ana nan sai Inna Ladingo, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta zo zauren Malam Isiyaku. Maƙwabcin gonarta ya tura iyaka ya ci rabin gonar, ya kuma riga ta kai ƙara babbar kotu. Ta zauna ta ce, "Ɗan nan, gonar nan ita ce cina, ita ce shana. Litinin za a zauna. Daga Allah sai kai." Malam Isiyaku na gefe yana gyaɗa kai yana murmushi. Lurwanu ya dubi ƙasa ya ce, "To, Inna."

Washegari da hantsi ya shiga kasuwa ya yanki baƙin yadi, ya nufi gidan Gwaggo Tabawa, yayar ubansa. Tabawa tela ce wadda ba wanda ya koya mata. Tsofaffin riguna ta riƙa farkewa tana mayarwa har hannunta ya faɗa. Ba ta iya rarrashi ba, ba ta kuma taɓa neman ta iya ba. Ya same ta a kan kekenta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye yadin.

"Riga za ki ɗinka mini, Gwaggo. Doguwa, mai faɗin hannu, buɗaɗɗiya ta gaba."

"Baƙin yadi da zafin nan? Limancin wane masallaci aka ba ka ban ji ba?"

"Irin ta lauyoyi ce."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. "Ladingo ta biyo ta nan jiya tana sa maka albarka. Ta ce tun da ka amsa mata hankalinta ya kwanta."

Lurwanu ya ce, "Ba wata doguwar magana zan yi ba, Gwaggo. Tsayawa kawai zan yi kusa da ita, in roƙa a ɗaga zaman. Kafin nan Allah Ya kawo mafita."

"Miƙe in gwada ka," in ji ta. Ta zaro awo daga wuyanta ta ɗora masa a kafaɗa. "Kafin in kai idon sawu, za ka ji hikayar Cindo da kwalekwale. Kada ka motsa."

Ta ce:

A wani gari na bakin kogi an yi wani yaro Cindo. Mutanen ƙetaren kogin harshensu dabam ne, sun kuma yi suna wajen sarrafa ruwa. Uban Cindo ya tura shi can ya koyo harshensu. Ya zauna ya koya har ya iya ciniki da shi, ya iya ba'a, ya iya ta'aziyya. Da ya dawo sai mutanen garinsu suka ce, ai wanda ya zauna da mutanen ƙetare ba abin da zai gagare shi a ruwa. Suka sa masa Gwanin Fito. Alhali zuwa da dawowa a ƙasan kwalekwale ya yi su, kwance, ido rufe, yana salati. Amma sunan ya yi masa daɗi, sai ya yi shiru.

Wata damina kogi ya cika ya batse, mai fiton garin kuma yana kwance ba lafiya. Wani magidanci ya faɗo daga giginya ya karye a cinya, mai ɗori kuwa yana ƙetare. Jama'a suka ce, "Ina wahala, ga Gwanin Fito?" Matar mutumin ta zo ta riƙe gefen rigar Cindo tana kuka, shi kuwa ya ce mata to.

Ya riga su zuwa bakin ruwa don ya gwada hannunsa ba mai gani. Ya ɗauki filafili ya tsoma, kwalekwale ya juya da shi kamar faifai. Wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa ya ce, "Ɗan Adam, na tsufa a bakin kogin nan, ban taɓa ganin mai fito yana gaida gabas da yamma a zama ɗaya ba. Kai ne za ka haye da mai karaya?" Cindo ya ce, "Na riga na amsa. Da wane ido zan dube su?" Zalɓe ya sauya ƙafa ya ce, "To saurara ka ji abin da ya sami balbela."

Zalɓe ya ce:

Balbela a cikin garke ta tashi, har ta ji maganar shanu kamar ta gidansu. Da ta komo cikin tsuntsaye sai suka ce, wadda ta girma da shanu ai ba ta rasa nono. Suka sa mata Uwar Nono. Ta san ƙarya ne, amma kowa ya gan ta sai ya kauce mata a reshe, sai ta gyara farin gashinta ta yi shiru.

Wata fakara tana da ɗan tsako guda da ya ƙi cin abinci. Ta kawo shi ta ce, "Yaya, taimaka ki shayar da shi." Balbela ta dubi tsuntsayen da suka taru, ta ɗaga fiffike ta rufe shi. Fakara ta sami natsuwa, ta daina yawon nemo masa gara da ƙananan tsutsa, tunda yana hannun Uwar Nono. Da aka ɗaga fiffiken, ɗan tsako ya riga ya sandare.

Bayan wani lokaci garke ya doso fadamar da fakaru da zabi ke yin ƙwai a ƙasa. Balbela ta zo a guje ta ce, "Ku nuna mini inda sheƙunanku suke! Ina jin maganar shanu, zan gaya wa bajimin ya kewaye da garkensa." Wannan karon gaskiya ta faɗa, tsantsarta. Ba tsuntsun da ya buɗe baki. Wa zai nuna mata ƙwansa? Shanu suka bi ta kan fadamar suka wuce. Shi ya sa har yau kake ganinta a bayan shanu, fara fat, ba mai yi mata magana.

Zalɓe ya ce, "Ka lura, ɗan Adam, ba wanda ya ƙi balbela don ba ta da nono. Wace tsuntsuwa ce ke da shi? Fiffiken da ta ɗaga ne ya kashe ɗan tsako, ya kuma kashe abin da ta iya tare da shi."

Tabawa ta sauko da awo zuwa ƙugun Lurwanu, ta ce, "Na ce kada ka motsa," sannan ta ci gaba.

Cindo ya jawo kwalekwale gefe da ƙyar, ya ajiye filafili a kan yashi. Jama'a suka iso ɗauke da mai karaya. Ya tsaya gabansu ya ce, "Ni ban iya fito ba. Ban taɓa iyawa ba. Harshe na koyo." Wasu suka fashe da dariya, wasu suka zage shi, matar ta tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Aka ruga gangaren kogi aka kirawo wani masunci, wanda da ma ba abin da ya hana a tuna da shi sai sunan Gwanin Fito. Za su tashi sai Cindo ya faɗa cikin kwalekwalen ya ƙanƙame gefensa. Matar ta ce, "Kai kuma ina za ka?" Ya ƙara ƙanƙame gefen.

Da suka haye, mai ɗori ba ya jin ko sannu da harshensu. Cindo ne ya gaya masa yadda mutumin ya faɗo da gefen da ya fara bugawa. Shi ne ya gaya wa matar abin da za a ba mijinta da abin da za a hana shi, da ranar da za a kwance karan ɗori. Ba ta gode masa ba a ranar. Amma daga nan duk mai zuwa ƙetare, ciniki ne, neman magani ne, biko ne, sai ya ce a sa Cindo a tsakiyar kwalekwale. Sunan Gwanin Fito kuwa bai bar shi ba. Da shi aka yi ta yi masa ba'a har ya yi furfura.

Tabawa ta naɗe awonta ta koma kan kujera. "Kunya ya sha, ba na ɓoye maka. Amma a tudu ya sha ta, shi kaɗai. Kai so kake ka sha taka a tsakiyar ruwa, da gonar Ladingo a cikin jirgin."

Lurwanu ya zauna a kan tabarma. Idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai. "Gwaggo, shi Cindo ya sami kwalekwalen da zai zauna. Ni fa? In na tuɓe sunan nan, me ya rage? Takardar ƙaramar kwaleji, da Turancin da ba wanda ya tambaya."

"Kai ne ba ka tambaya ba. Ni ban shiga aji ba, amma duk wadda ta zo gwaji da bakinta take zuwa. Akwai wata mai aiki a gidan rediyo da nake wa ɗinki. Kullum kukanta labari na zuwa da Turanci, masu juya shi Hausa kuwa sai su juya shi yadda ni tsohuwa ba na gane ko mutuwa aka yi ko haihuwa. Asibitin ido da aka yi mini aiki, likitan ba ya jin Hausa, da hannu muka yi ta magana kamar kurame. Masu fim ma na ji ana cewa suna neman mai rubuta musu Turancin da ke gudu a ƙasan hoto. Ga makarantun unguwa, yara na rera Turanci kamar karatun aku, ba su san me suke faɗa ba."

"Koyarwa, Gwaggo? Cewa za a yi Lauya ya ƙare a alli."

"Za a ce. Su ce har bakinsu ya bushe. Ni an ce mini mai farke tsumma, ga shi matansu na layi a ƙofata. In kuma lauyancin ne ya shiga ranka da gaske, ai takardarka tsani ce. Kama aiki, ka nemi jami'a, ka je ka karanto shi. Ranar da ka dawo da shi, wallahi ko ido ya tafi sai na laluba na ɗinka maka rigar. Yau dai ba zan sa almakashi a yadin nan ba."

Lurwanu ya dubi baƙin yadin. Can ya ce a hankali, "Baba fa?"

"Isiyaku ni na goye shi, na san inda yake jin zafi. Zai yi kwanaki bai dube ka ba. Da bakinka za ka gaya masa, ni in zauna a gefe. Amma shi sai an jima. Wadda ke jiran Litinin ita ce gaba. Kusa da kotu akwai ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi. Ladingo ba ta san da shi ba, ko ta sani ba za ta iya shiga ba, ko ta shiga takardun duk Turanci ne. Kai ta. Zauna tsakaninta da su. Kada ka bar kalma ɗaya ta wuce ta ba ta gane ba."

Lurwanu ya share fuskarsa da hannun riga. Ya ce, "Na ji, Gwaggo. Na kuma karɓa." Ya kai hannu zai ɗauki yadin, ta danne shi da almakashi.

"Bar shi nan. Wando zai yi, na zuwa neman aiki. Ai na riga na gwada ka."

Ya fito rana tsaka. Hanyar gidan Inna Ladingo ta gaban teburin mai shayi ta bi, inda majalisar unguwa ke zama. Ya so ya kewaya ta lungu, ƙafarsa har ta karkata, sai ya dawo da ita. Suna hango shi suka ɗauka, "Lauya! Lauya ikon Allah! Litinin sai ka kayar da su!"

Ya tsaya. Muryarsa ta fito ƙanƙanuwa, sai da ya sake. "Lurwanu ne. Turanci na karanta, ban karanta shari'a ba. Ni ba lauya ba ne."

Sai wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce, "To ita tsohuwar fa?" Kunnuwansa suka ɗau zafi kamar an kara musu garwashi. Ya ce, "Wurinta za ni," ya wuce, dariyar na bin bayansa har ya sha kwana.

A ƙofar gidan ya yi sallama. Daga ciki tsohuwa ta amsa da murna, "Lauya ne? Shigo mana, ɗan albarka."

Bai shiga ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Lurwanu ne, Inna. Akwai maganar da zan gaya miki, ba za ta yi miki daɗi ba. In kin gama yi mini faɗa, ki ɗauko mayafinki, mu tafi tun ba a tashi daga ofis ba."