Fitsarin Aro

An yi wani tela da ba a taɓa gaya masa magana ya ce "to" ba. Shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon suga, amma in ka ji bakinsa a shago sai ka rantse shi ya koyar da likitoci.

Wata rana ya taka allura, bai ma ji ba, sai matarsa ce ta ga jini a safarsa. Wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Da ƙyar ta ja shi asibiti.

Likita ta wanke gyambon, ta danna bayan ƙafar tana neman bugun jini, ta daɗe tana lalube. Sannan ta miƙa masa kwalba.

"Gobe ka kawo fitsarin safe."

"Likita, ƙafa na kawo miki. Me ya haɗa ƙafa da fitsari?"

"Sugan da ya ci jijiyoyin jinin ƙafarka yana cin na ƙoda ma. In ta fara lalacewa, fitsari ke fara tona ta. Sai na gani zan zaɓa maka magani."

Tela ya san fitsarinsa ya yi watanni yana kumfa kamar ruwan sabulu. Tsoronsa kada a kwantar da shi, ga ɗinkin kayan 'yan makaranta jibge a shago. Da safe ya tare ƙaninsa a ƙofar banɗaki.

"Ungo, cika min."

"Haba Yaya! Yau kuma har fitsari ake aro?"

"Kai dai cika, ban ce ka yi min wa'azi ba."

Gwaji ya fito tas. Likita ba ta gamsu ba, ta rubuta masa gwajin jini, ta ba shi magani mai ƙarfi saboda gyambon. Ya ninke takardar gwajin ya jefa a aljihu. Ya biya kemis ya ƙara da maganin kashe zafi, yana ta afawa yana taka keken ɗinki.

Mako uku, fuska ta kumbura, ga amai, fitsari ya koma ɗigo. A ranga-ranga aka mayar da shi asibiti.

Likita ta dubi sabon sakamako, ta dubi tsohon.

"Wannan ƙodar ba yau ta fara lalacewa ba. Fitsarin wa ka kawo min?"

Tela ya kau da kai. Ƙanin ya sunkuya, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Nawa ne."

"To kai lafiyarka ƙalau," in ji ta. "Yayanka kuwa, wankin ƙoda sau uku a mako."

Matar ta sulale ƙasa ta dafe kai.

Mai karatu, ban ɓoye maka ba, labarin nan haushi yake ba ni. Wanda ya yi wa likita ƙarya, jikinsa ya cuta. Gyambon mai ciwon suga ƙararrawa ce: ɓarnar da ido ya gani a ƙafa, wataƙila irinta na can ciki shiru. In an ce ka yi gwajin fitsari da na jini, ka yi, kuma ka kai naka.