Kabewar Bushiya ta Ƙarshe

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Kai Tanko, daina tsokanar ƙanwarka ko in tashi!

A da can, Bushiya ba ta da ƙaya. Gashinta luf-luf yake, kullum tsohuwarta na shafa mata baya. Wata damina tsohuwar ta kwanta ciwo, ta ce ba abin da ranta ke so sai cusasshiyar kabewa. Kabewa uku kacal gonar Bushiya ta yi.

Ta tsinko ta fari, ta yanke kan, ta kwashe 'ya'yan. Ta cusa shinkafa da alayyafo da tattasai da albasa, ta sa daddawa da man gyaɗa. Ta mayar da kan, ta binne ta a rushi. Da ta nuna, ta bar ta ta huce, ta tafi rijiya.

To, a al'adar gidansu, girkin sabuwar kabewa ba mai buɗewa sai babba. Haka Bushiya ta kai ta a rufe. Tsohuwa ta ɗaga kan. Wayam! Sai wani ƙaton rami a gindi.

Bushiya ta fito tana huci. "Wane la'ananne ne ya cinye abincin mara lafiya?"

Maƙwabcinta Kurege ya leƙo ta katanga, gashin bakinsa sharkaf da mai. "Ayya, maƙwabciya! Ai aikin aljanu ne."

"Aljanun ne suka shafa maka mai a baki?"

"Ƙaiƙayi nake yi, magani ne."

Kun ji ɗan banza! Ta ƙarƙashin ƙasa fa ya haƙo.

Ta tsinko ta biyu. Ta cusa, ta binne, ta bar ta ta huce, ta tafi itace. Tsohuwa ta ɗaga kan. Wayam!

Kurege ya leƙo yana gyatsa. "Sannu, maƙwabciya. Amma aljanun sun ce yau gishiri ya yi kaɗan."

Wayyo! Ran Bushiya ya ɓaci har tana ganin duhu-duhu. Tsohuwa ta kira ta daga ɗaki, murya ƙasa-ƙasa: "'Yar nan, saura ɗaya. Ki dafa mini kawai." Ina! Ko sauraronta ba ta yi ba.

Ta tsinko ta uku, ta rarake ta, ta ajiye kan toka mai sanyi. Ba shinkafa, ba alayyafo. Ita da kanta ta shige, ta dunƙule, ta ja kan ta rufe. Tana ciki zuciyarta na tafasa, gashinta na miƙewa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙandarewa.

Can sai ƙurus-ƙurus daga ƙasa. Kurege ya huda, ya zuro baki. Caraf! Ƙaya ta cika masa fuska.

"Wayyo hancina! Wa ke ciki?"

"Aljanun ne! Yau gishirin ya ji?"

Ta afka masa. Suka yi ta birgima, tana suka, yana ihu, har ya kufce ya faɗa rami. Ta juyo tana haki. Kabewa ta ragargaje a cikin toka, ba abin ɗauka.

Ta shiga ɗaki ta ce, "Inna, na kama ɓarawon!"

Tsohuwa ta ce, "Ina kabewata?"

Bushiya ta ce, "Ta ragargaje, Inna."

"Da kin dafa, kin zauna kusa da ita har ta huce, da yanzu na ci."

Bushiya ta fashe da kuka. Tsohuwa ta miƙo hannu za ta shafa mata baya kamar kullum. Ƙaya ta soke ta, ta janye hannun da jini. Kunya ta kama Bushiya, ta cusa kai a ciki, ta dunƙule.

Gashin nan bai sake kwantawa ba. Shi ya sa har yau ba mai iya shafa bushiya, in kuma ka kai hannu sai ta ɓoye fuska. Fushi ya kama mata ɓarawo, amma tsohuwarta da yunwa ta kwana. Kai Tanko, da kai nake!

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙaya a hanci!