Tsayuwar Sarki Bahramu

An ce a littattafan mutanen farko, an yi wani birni a ƙasar Turkawa, a bakin teku, sarkinsa ana kiransa Bahramu. Mutanen birnin suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni: duk wanda ya shigo fada ya ce yana da ƙara, sai sarki ya miƙe tsaye, ba zai sake zama ba sai ya yanke hukunci. Saboda haka shari'a ba ta kwana a garin, don ba sarkin da ke son ya wuni a tsaye.

An ce da Bahramu ya tsufa, gwiwoyinsa suka fara ciwo. Wazirinsa, mai suna Zuhairu, ya ce masa, "Allah ya ja zamanin sarki, ƙafarka ta yi wa garin nan aiki iyakar yi. Bari masu ƙara su riƙa tsayawa wurina a zaure, kai ka huta."

Sarki ya yarda. Shekaru suka wuce yana zaune, ana zuwa ana faɗuwa ana gaisuwa, ba wanda ya sake cewa yana da ƙara a gabansa. Amma hutun bai yi masa amfani ba. Abinci ya fita ransa, hira ta gundure shi, kullum yana jin gajiyar da bai san inda ta fito ba.

Wata rana ya ce wa fadawa, "Na daɗe ana cewa ina mulki, ni kuwa na manta abin da kalmar take nufi. A yi shela. Wanda ya faɗa mini ma'anar mulki har zuciyata ta kwanta, ya roƙi abin da yake so."

Waziri ya sa aka yi shelar, amma ya ƙara nasa sharaɗi: duk wanda ya fake da amsa ya kawo ƙara, za a kore shi daga ƙasar.

Malamai suka zo. Wani ya ce mulki takobi ne, wani ya ce baitulmali ne, wani ya ce jinin sarauta ne. Sarki ya saurare su yana hamma. Ya ce, "Duk ina da waɗannan, ga ni kuma kamar tsumma."

An ce a garin akwai wani attajiri mai suna Hamdunu, wanda ya yi fatauci har ƙasar Ingilishi, ya iya harshensu, har fataken gari suna zuwa shagonsa yana koya musu. Yana da ƙane, Mikdadu, matuƙin jirgin ruwa. Sarkin tashar jirage, wanda surukin waziri ne, ya cika wani tsohon jirgi da alhazai fiye da ƙima, ya ce Mikdadu ya tuƙa. Mikdadu ya ce ba zai kai bayin Allah ƙarƙashin teku ba. Aka jefa shi kurkuku, aka ce da zarar iska ta juya za a ɗaure shi a jirgin yaƙi ya yi ta tuƙi da hannu har ya mutu. Hamdunu ya yi ta safa da marwa zuwa zauren waziri, kullum a ce masa ya dawo gobe. Iska kuwa, wadda jirgin alhazan ma yake jira a tasha, ta fara juyawa.

Da ya ji shelar, sai ya yi alwala, ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiyar da ba dawowa, ya nufi fada. Waziri ya gane shi tun daga ƙofa, ya ce, "Malam Hamdunu na Turawa, yau kuma da wane yare za ka dame mu? Ka dai ji sharaɗi."

Hamdunu ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Labari kawai na kawo."

Ya faɗi ya yi gaisuwa, sarki ya ce ya yi magana. Hamdunu ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, wata shekara na shiga jirgin mutanen Ingilishi. Mai jirgin wani ƙato ne mai riga da maɓallan zinariya, in ya fito kowa sai ya cire hula. Na ce a raina wannan shi ke mulkin jirgi. Muna tsakiyar teku hadari ya taso, ruwa ya riƙa ɗaga mu yana makawa. Mai maɓallan zinariya ya shige ɗakinsa ya kwanta, ya rungumi bokiti yana amai. Can baya kuwa akwai wani mutum da suka ɗauka haya don ya san ruwan. Shi ke riƙe da katakon da ake juya jirgi da shi. Ya sa aka ɗaure shi da igiya a jikin katakon don kada ruwa ya share shi. Kwana da kwanaki bai zauna ba. Abinci ma a baki ake sa masa. Da hadari ya wuce aka kwance shi, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, sai da aka yanka takalmansa da wuƙa.

"Wani tsoho cikin Turawan, wanda ke koya mini harshensu, ya nuna shi ya ce mini, 'Kullum kana tambayata ma'anar kalmarmu ta mulki. Daga aikin mutumin can aka samo ta. Koyi ta a ƙafafunsa.' Ni dai, ranka ya daɗe, a nan na koye ta, ban kuma san wata ma'ana ba."

Sarki ya gyara zama. Ya ce, "Wannan matuƙin yana da rai? Ina so in gan shi da idona. Yana wace ƙasa?"

Hamdunu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana kurkukunka. Ƙanena ne."

Waziri ya yi wuf ya ce, "Ya karya sharaɗi, ƙara ce ya kawo."

Hamdunu ya ce, "Sarki ne ya tambaye ni. Ko in yi wa sarki ƙarya, Waziri?"

Sarki ya dubi waziri, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Zuhairu, rabona da tsayuwa a ɗakin nan tun yaushe?"

Waziri ya ce, "Gwiwarka muke tausayi."

Sarki ya ce, "Na gani. Kun tausaya mata har ta manta aikinta."

Sai ya dafa gefen karaga ya yunƙura. Fadawa suka matso za su tallafe shi, ya ture hannuwansu. Ya yunƙura, ya koma, ya sake yunƙurawa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har na bakin ƙofa suka ji. Ya miƙe, gumi na zuba a gemunsa, ya ce, "A kawo mini matuƙin, a kawo sarkin tasha. Ku yi sauri, tsohon nan ba zai daɗe a haka ba."

An ce kafin azahar an saki Mikdadu, an sauke alhazan daga ruɓaɓɓen jirgin, an tuɓe sarkin tasha, aka ba Mikdadu tashar. Waziri ya koma gidansa ba rawani. Sarki yana shirin zama, sai ga zaure ya cika da mutanen da suka ji cewa ya miƙe, wasu da ƙarar da ta tsufa a bakinsu. Ya dube su, ya yi ajiyar zuciya, ya ce a miƙo masa sanda.

Da ya tambayi Hamdunu abin da yake so, sai Hamdunu ya ce, "An riga an ba ni." Sarki ya ce, "To ni ina da roƙo. Ka riƙa zuwa fada, duk ranar da ka ga na daɗe a zaune, ka sake ba ni labarin takalman nan."

An ce Bahramu bai sake rabuwa da ciwon ƙafa ba har ya rasu, amma abinci ya koma masa da daɗi.

Ni na tsufa ina ganin masu neman a kira su shugaba, daga mai gida har mai gari, kuma abin da yawancinsu ke so shi ne kujerar. Duk wanda Allah ya ɗora wa jama'a, ko da 'ya'ya biyu ne da tukunya ɗaya, ya sani tsayuwa aka ba shi. In ya gaji ya nemi sanda, kada ya nemi wanda zai tare masa ƙofa. Haka aka rubuta, haka kuma na ji, Allah shi ne masani.