Surfanin da Sarki Udaiban Ya Yi da Hannunsa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can cikin ƙasar Hindu, a gindin duwatsun da ƙanƙara ba ta rabuwa da kawunansu, an yi wani sarki mai suna Udaiban, wanda giwayensa kaɗai sukan tare hanya tun safe har azahar idan aka fito da su shan ruwa. Duk da wannan daula, baƙin ciki ya hana shi sakat. Ɗansa tilo, Yarima Samarjit, ya fita farauta wata rana cikin fushi, ƙishirwa ta kai shi rijiyar wani aljani mai suna Durmuk, ya sha ba da izini ba. Aljanin ya kwashe masa tunani kakaf, ya kuma rantse zai shafe duk abin da aka faɗa wa Yarima da baki don a tuna masa, ko aka rubuta, ko aka ɗinka aka ƙulle. Idan kwana arba'in suka cika bai gane mahaifinsa ba, ya zama bawan aljani har abada.

Masu surfanin fada suka ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Suka zuba zaren zinariya a kan alharini, suka fitar da Yarima yana shaƙe zakuna bakwai, shi da ko kyanwar daji bai taɓa kashewa ba. Durmuk ya zo da rana tsaka, ya juya bayan aikin, ya ja ƙulli ɗaya, komai ya warware. Ko da bai warware ba, ina Yarima zai gane kansa a cikin wannan zuƙi?

A bayan gari kuwa akwai wata budurwa, Hemalata, wadda ta gaji aikin allura daga kakarta. Al'adar matansu ita ce su jera tsofaffin sari, wato dogon zanen da suke naɗawa, su zare zare daga gefensa, su ɗinka labarin gida a kai. Ba sa ƙulli, sai su ɓoye bakin zaren cikin ɗinkin har gaba da baya su zama ɗaya. Kuma ba sa tsallake rana don ta yi muni.

Hemalata ta zo fada, ta faɗi gaban Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na neman zinariya. A ba ni zannuwan marigayiya mahaifiyar Yarima, a kuma umarci duk wanda ya san shi ya faɗa mini gaskiya."

Aka ba ta. Ta yi ta yawo, daga wurin mai renonsa zuwa wurin mai kiwon giwaye, tana ji tana ɗinkawa: ga shi yana rarrafe gindin mangwaro, ga biri ya ƙwace masa rawani yana gudu yana ihu, ga shi riƙe da hannun mahaifiyarsa ranar da ta cika. A nan sai da ta ajiye allura ta yi kuka, don tausayinsa ya riga ya shige ta.

Ranar kwana talatin da tara Durmuk ya bayyana cikin guguwa. Ya juya zanen gaba, ya juya baya, ya bi shi da farce tun daga wannan gefe har wancan, bai sami inda zai ja ba. Ya yi ruri ya ɓace. Aka shimfiɗa wa Yarima aikin, ya bi shi da yatsa yana murmushi, har ya zo wani fili fari fat kusa da ƙarshe. Nan ya tsaya, ya dubi Sarki ya ce, "Wannan dattijon fa, wane ne?"

Hemalata ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan filin safiyar farauta ce. Ba wanda ya san abin da ya gudana sai kai da shi, kuma a wurinmu mai labari shi ke ɗinka abinsa."

Fadawa suka zabura za su fitar da ita, Sarki ya ɗaga musu hannu. Sannan ya ce, "Na ce masa ragon ɗa ne, na ce da ma ban haife shi ba. Miƙo allurar, 'yata."

Ya sauko daga gadon mulki ya zauna a ƙasa. Hannun da ya saba da takobi ya yi ta sukar kansa, jini yana ɗiga, tana nuna masa yadda ake lanƙwasa bakin zare a ɓoye shi. Washegari da hantsi ya gama: mutum biyu karkatattu, babba ya nuna ƙofa, ƙarami ya juya baya. Ba a taɓa ganin mummunan surfani irinsa ba a ƙasar Hindu.

Yarima ya shafa shi, ya sake shafawa, sai hawaye. Ya ce, "Baba, na ji zafin maganar nan ƙwarai."

Sarki ya rungume shi ya ce, "Na sani, ɗana. Ƙarya na yi, ka yafe mini." A lokacin nan aka ji rijiyar Durmuk ta rufta, ƙararta har cikin fada.

Bayan damina Yarima ya nemi auren Hemalata, ta ce sai ta yi shawara da kakarta, ta bar shi yana safa da marwa har mako biyu kafin ta amince. Aka yi biki na kwana bakwai, sarakuna suka zo daga ko'ina da kaya a bayan giwaye. Duk sarkin da ya miƙo hannu don gaisuwa, sai Udaiban ya buɗe masa yatsunsa ya nuna masa tabon allura, ya ce, "Duba nan tukuna, da wannan na dawo da ɗana."