Hancin Motar Kada da Igiyar Dorina

An yi wani Kada mai son a yabe shi, wanda ya shekara bakwai yana tuƙin tirela a Amurka. Da ya tashi dawowa gida sai ya taho da motarsa mai dogon hanci, ja wur, da bututun hayaƙi biyu a tsaye suna ƙyalli.

A tashar garinsu kuwa akwai Kyanwa, direba mai yawan lura. Motarta ƙirar Turai ce, marar hanci, gabanta a shafe.

Tun ranar farko Kada ya zagaya motar Kyanwa yana dariya.

"Ƙanwata, wannan da bango ta yi karo, ko haka aka haife ta?"

"Haka aka haife ta, Yaya Kada. Kuma tana kai ni inda za ni."

"Kina zaune a kan inji kamar kaza a kan ƙwai. In ya lalace sai kin kifa kan motar gaba ɗaya, filo da butar shayi su zubo kan gilas. Ni fa? In ɗaga hanci, ga inji a fili. A bayan kujerata akwai gado da firiji. In na miƙe hanya ko rami ba na ji."

"Gaskiya ne," in ji Kyanwa. "To a lungun 'yan albasa sau nawa ka yi ribas jiya kafin ka sha kwana?"

"Lungun ne bai waye ba."

Ana nan sai kakar tumatir ta zo. Zomaye manoma suka ce duk wanda ya fara kai kayansu kasuwar ƙetaren kogi kafin rana ta dafa su, shi zai riƙe jigilar shekarar duka. Aka haɗa wa kowace mota bodi iri ɗaya, aka cika da kwanduna.

A kan miƙaƙƙiyar hanya Kada ya wuce Kyanwa kamar tana tsaye. Har ya leƙo ya ce, "In kin iso ki gaishe su."

Shi ya fara isa bakin kogi. Babu gada a wurin, sai jirgin fito na Inna Dorina, wadda ba ta ɗaukar mota sai ta auna ta da wata igiya mai tsawon jirgin daidai.

Dorina ta ɗora bakin igiya a kan hancin motar ta ja baya. Igiya ta ƙare, saura taku uku.

"Ɗana, ba za ta shiga ba. Ka zagaya ta gadar kudu."

"Inna, ba haka ake awo ba. A can inda na zauna bodi kaɗai ake aunawa. Kan mota ba ya cikin lissafi."

"To kan motar a bakin kogi za ka bar mini shi?"

"Ke dai ba ki taɓa fita ba ne. Ƙasashen da suka ci gaba..."

"Ni jirgina ba ya miƙewa don an ci gaba a wani wuri."

Suna cikin haka Kada ya hango Kyanwa tafe. Zuciya ta ɗebe shi. Ya haye mota, ya sa giya, ya hau jirgin ba da izini ba. Yana so tayoyin baya su shige, sai ya yi ta matsawa gaba. Dorina tana ɗaga hannu a gefen jirgin tana cewa ya tsaya, amma daga inda yake zaune dogon hancin ya rufe masa bakin jirgin, ja kawai yake gani yana ƙyalli.

Ji kake ƙum! Tayoyin gaba suka zarce, hanci ya nutse a ruwa, inji ya sha ya mutu.

Dorina ta leƙa ta ce, "Madalla. Yanzu kai ma ka san tsawon motar taka."

Kyanwa ce ta ɗaura sarƙa ta jawo motar baya zuwa tudu. Sannan aka auna tata, igiya ta yi daidai har da ragowa. Ta hau a hankali, tana kallon bakin jirgin a ƙasan gilas ɗinta, ta tsaya cak.

"Yaya Kada, ko in kai maka kwando biyu?"

Kada ya iya iyo fiye da kowa a wurin, amma motarsa ba ta iya ba. Yana zaune a inuwarta har la'asar, tumatir yana tsiyaya ta ƙasan bodi. Zomaye suka ba Kyanwa jigilar shekara.

Darasin wannan labari shi ne, kowace mota an ƙera ta ne don hanyar da za ta bi. Mai dogon hanci ta dace da ƙasa mai faɗin titi da tafiyar kwana da kwanaki, marar hanci kuma ta dace da lungu da matsi. Motar Kada ba ta da laifi, girman kansa ne ya jefa ta a ruwa. Saboda haka, yara, in kun je wani wuri kun ga abin burgewa, ku koyo shi. Amma ranar da kuka dawo gida, ku fara tambayar wanda bai tafi ba yadda hanyar take.