Ɓarawon Ruwan Tafkin Marke

An yi wani sarki a zamanin da, ana ce masa Jatau, birninsa na gaɓar wani babban tafki mai suna Marke. Wata shekara rani ya tsananta, tafkin ya ja baya ƙwarai, fadawa suka ce masu lambu ne ke kwashe shi da jigo. Sarki kuwa, da yake lokacin ƙuruciya na ɗibarsa, ya ba da umarni a tashe su duka su bar ƙasarsa.

Cikin waɗanda aka kora har da Tasalla, 'yar Malam Zailani magatakardan sarki, domin mijinta mai lambu ne, alhali Malam ba shi da kowa a duniya sai ita. Ya so ya bi su, amma ƙafa ta gaza, sarki kuma bai sallame shi ba. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya dogara sanda zuwa bakin tafki, ya zauna yana duban ƙetare inda korarrun suka nufa, har hawaye su cika masa ido. Da zaman ya daɗe, sai ya fara lura da halin ruwan, yana tunani.

Bayan shekara bakwai sarki ya tara majalisa ya ce, "Na kori masu lambu, ga shi duk rani tafkin nan yana raguwa kamar da. Ina son a gaya mini wanda ke sace shi yanzu."

Waziri ya ce aikin aljannu ne. Malam Zailani kuwa ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, in an yi mini izini, a kawo tasa biyu ta tagulla, a cika su da ruwa, a ajiye a rana. Ɗaya a bar ta buɗe, ɗaya a rufe ta da faranti, dogarai su tsare su kwana uku."

Aka yi haka. Rana ta uku buɗaɗɗiyar ta ragu a fili, ba wanda ya taɓa ta. Da aka ɗaga farantin ɗayar, sai ga ɗigon ruwa birjik a cikinsa, yana gangarawa yana komawa tasa.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarawon nan bisa kanmu. Zafin rana ke ɗauke ruwa ya tashi tururi wanda ido ba ya gani. In ya kai sama ya sami sanyi, sai ya taru ya zama gajimare, iska ta kora shi, ya yi nauyi ya zubo. Wani ya nutse ƙasa mu same shi a rijiya, wani ya bi rafi ya komo tafki. Haka Ubangiji ya hukunta, ruwa ba ya ɓata, tafiya yake yi ya dawo." Sannan ya ƙara da cewa, "Mutanen da aka kora dominsa ne har yau ba su dawo ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Malam, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe, ni kuma na ji tsoro. Wannan laifina ne."

Sarki ya sa masa alkyabba, ya naɗa shi babban mashawarcinsa, ya kuma aika manzanni su roƙi korarru gafara, a mayar wa kowa lambunsa. Wasu sun rasu a can, wasu sun ƙi komowa. Amma da damina ta faɗi, wata safiya Malam na alwala, ya ji sallama a ƙofar gida. Muryar ta canza, duk da haka ya gane ta 'yarsa ce, har butar ta suɓuce daga hannunsa.

"Baba," in ji Tasalla, "ga jikokinka mata biyu. Ku gaishe shi."

Ya jawo su jikinsa, sai shafa kawunansu yake yi.

Ku sani, ya ku masu karatu, adalcin mai mulki shi ne ya yi bincike kafin hukunci, domin yana iya gyara kuskurensa, amma ba shi da ikon mayar wa mutane shekarun da ya raba su.