Kiski da Madubin Babur

Ga ta nan, ku matso ku karɓa. Wannan tatsuniya ban gaje ta wajen kakata ba, a lambun shaƙatawa na unguwarmu na tsinto ta, inda nake zama a benci kullum ina kallon tsuntsaye. Ƙato da ni, da furfura, aikin da ya rage mini ke nan tun da na yi ritaya.

A lambun nan kowane tsuntsu da yankinsa. Cilakowa, mai dogon bakin nan, ita ke da tsamiya, inda Talatuwa mai ƙosai ke zama, ɓarɓashi yana zuba. Hankaka ya riƙe wajen kwandon shara. Kurciya ma in ta yi kuskuren sauka a inuwar wani, sai ka ga gashi yana tashi sama. Shi kuwa Kiski, namijin ƙadangare, ba shi da ko tafin hannu. A tsagin katanga yake kwana, yunwa ta sa jan kansa ya koɗe, haƙarƙari duk a waje. In ya leƙa tsamiya sai Cilakowa ta biyo shi, kuma ita ba kora kawai take yi ba, cin ƙadangaru take yi.

Wata rana Kiski ya hangi Cilakowa a kan motar wani baƙo, tana ta sarar madubi kamar za ta fasa bakinta. Ya yi dariya har ya suɓuto daga katanga.

"Ashe girman banza ne," in ji shi. "Da kanta take faɗa. Ni Kiski, jiki kaɗan, kai cike da dabara, gobe a gindin tsamiya zan karya kumallo."

Da gari ya waye ya samo fasasshen madubin babur a cikin ciyawa, ya turo shi ta baya da ka, ya jingina shi can bayan famfo. Ya liƙa gashin kurciya a gadon bayansa, ya tsaya nesa da tsamiya ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ni ɗan aike ne daga tsuntsayen bakin ƙofa. Wata baƙuwar cilakowa ta sauka bayan famfo. Ta ce tsamiyar nan ta ubanta ce, ke haya kike yi."

"Haya? Ni?" in ji Cilakowa. Ko tsayawa ba ta yi ta tambayi wane irin tsuntsu ne mai ƙafa huɗu ba, ta tashi fuu. Wuni ta yi tana sarar baƙuwa, baƙuwa na ramawa. Kiski ya ci ɓarɓashin ƙosai, ya ci tururuwar da ta zo wa ƙosan, ya kwanta ya shanya ciki.

Da gari ya waye ya tafi wajen Hankaka. "Yallaɓai, wani mai farin ƙirji irin naka yana bayan famfo. Ya ce daga yau shi ne sarkin shara." Hankaka ya tashi yana zage-zage. Tun daga ranar su biyu suka koma karɓa-karɓa a gaban madubi, kowa da abokin gabarsa.

Kiski ya yi ƙiba, kansa ya yi ja jawur kamar tattasai. Sai ya fara cewa "tsamiyata". Ya kori ƙadangarun katanga, har ƙanensa da suke uwa ɗaya. "Daga saiwa zuwa inuwa nawa ne," in ji shi, "wanda bai yarda ba ya zo mu gwada."

Wata safiya Tanimu mai shara ya tsinci madubin, ya jingina shi a gindin tsamiya ya wuce abinsa. Kiski ya iso yana taƙama, sai ga wani jibgegen kiski mai jan kai zaune a wurinsa. To, rabonsa da ganin kansa tun yana ƙanjamamme, wannan mai tumbin bai san shi ba. Ya gyaɗa kai, wancan ya gyaɗa. Ya kumbura wuya, wancan ya kumbura. Mutumin da ya turo madubin nan da kansa, wallahi shi ne ya ja da baya ya kai masa karo. Gashin kurciya ya zube, goshi ya kumbura, shi ko a jikinsa.

Cilakowa da Hankaka, da suka rasa abokan faɗa a bayan famfo, suka dawo suka sauka a reshe suna kallo. Can Cilakowa ta sunkuyo.

"Ɗan aike, kai ma cewa ya yi haya kake yi?"

Kafin ya ɗaga kai ta kawo sara, ta dace da wutsiya. Kiski ya bar mata ita ya ranta a na kare. Tsagin katanga ya ƙi karɓar tumbinsa, sai da ya goge fatar ciki ya shige. Daga ciki ya leƙo yana haki.

"Wutsiya za ta sake fitowa," in ji shi. "Amma kun ga yadda na yi da mai jan kan nan? Shi ma babu wutsiya ya gudu."

Na yi masa dariya har da hawaye. Washegari na iso lambu na tarar wani saurayi zaune a bencina, bencin hukuma fa, wanda ban sa ko ƙusa a jikinsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban farga ba sai na gan ni tsaye a kansa, wuya a kumbure, ina gyaɗa kai.

Ƙurunƙus kan kiski, wutsiyar kuwa tana wajen Cilakowa.